Yadda ake rainon furen gardeniya a Arewacin Kamaru da Chadi

Mai neman dashen gardeniya a intanet zai yi ta cin karo da iri masu jure sanyi, irin su Kleim's Hardy da Frostproof da Chuck Hayes. An zaɓo su ne domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu, kamar Amurka da Ingila. Mu nan wannan juriyar ba ta ƙara mana komai, don sanyin Disamba a Marwa ko Njamena bai kai ya taɓa ko wace irin gardeniya ba. Abin da ke kashe ta a wajenmu shi ne zafin Maris da Afrilu, da busasshiyar iskar hunturu, da ruwa ko ƙasa mai kanwa-kanwa. Duk rainon da za a yi mata a kan waɗannan ukun ya tsaya.

Asalinta daga kudancin Sin da Japan ne, ganyenta kore shar mai ƙyalli, furenta fari mai ƙamshi sosai, musamman da yamma. Danginsu ɗaya da gauɗen da ke dajinmu, amma ita ba ta da ƙarfin halinsa ko kaɗan.

Fara da duba inda kake. A Ngaundere, da yake gari ne a kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, ga sanyin dare ga jar ƙasa mai ɗan tsami, ana iya dasa ta kai tsaye a ƙasa. A Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena kuwa, shawarata a sa ta a tukunya. Baƙar laka irin ta karal, wadda ake dasa masakwa a ciki, tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, in ta bushe kuma ta tsage. Samu tukunyar ƙasa babba mai huji a gindi. Ta roba baƙa tana dafa saiwa da rana.

Sai haɗin ƙasa. Gardeniya tana son ƙasa mai tsami, a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH ta kasance tsakanin 5 da 6. Haɗa ruɓaɓɓen ganye kashi biyu, yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa kashi ɗaya, da tsohon takin shanu da ya gama ruɓewa kashi ɗaya. Kada toka ta kusance ta. Mutane da yawa sun saba zuba tokar murhu a gindin shuka, to ita wannan toka tana kashe tsamin ƙasar, ganye ya fara rawaya. Haka ɓaraguzan siminti da gindin katangar bulo.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta kankama: Afrilu zuwa Mayu a Ngaundere, Yuni a Garwa, Yuli a Marwa da Njamena. Kada ka binne wuyanta. Saman dunƙulen saiwar ya yi daidai da saman ƙasa, ko ma ya ɗan ɗara. Ajiye ta a gabashin ɗaki inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta tun kafin azahar. Bayan haka shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa a gindinta, kaurin yatsa uku, amma kar ya taɓa karan. Saiwarta a sama-sama take, saboda haka ciyawa da hannu ake cirewa, fartanya ba ta zuwa wurin.

Ban ruwa ne ke raba masu nasara da masu asara. Ƙasar ta kasance da danshi kullum, ba caɓi ba. Tura yatsa cikin ƙasar; in ka ji saman ya bushe, ba ta ruwa har ya fito ta hujin, a gindi, ba a kan fure ba, don farin furen yana yin tabo da zarar ruwa ko hannu ya taɓa shi. Ruwan sama ya fi kowane, a tara shi a duro tun damina. Ruwan rijiya ko na famfo da ke barin farin abu a jikin buta, shi ne ke sauya ƙasar a hankali har shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Alamarsa ba ta ɓuya: sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kuma su tsaya kore. In ba ka da wani ruwan, zuba cokali ɗaya na ruwan khal a lita 4 ka ba ta sau ɗaya a wata, in kuma ka samu takin ƙarfe a shagon kayan noma, shi ya fi saurin dawo da launin.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, saka tukunyar cikin wata da ta fi ta girma, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka wannan ke sanyaya saiwa. Da hunturu kuma a kare ta daga iska da zana, a riƙa wanke ƙurar ganyen da sassafe.

Kada ranka ya ɓaci in ta fitar da toho ya zube kafin ya buɗe. Tana kafa fure ne sosai idan dare ya sauko wajen digiri 15 zuwa 18, shi ya sa ɗan Ngaundere zai fi ɗan Kusiri samun fure ko da kulawarsu ɗaya. Ƙishi da yawan ɗaga tukunya daga wuri zuwa wuri su ma suna zubar da toho.

Taki kaɗan-kaɗan ake ba ta, da damina kawai, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Taki mai sinadarin amoniyam salfet ya dace da ita don yana ƙara tsami. Idan ka ga farin abu kamar auduga a hammatar ganye, ko baƙin danƙo a samansa, ƙwari ne masu tsotsa. Man darbejiya da ɗan sabulu a ruwa, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako.

Aski kuwa da zarar fure ya ƙare ake yi, kaɗan, don in ka jinkirta za ka yanke tohon gaba. Rassan da ka yanke kada ka zubar. Zaɓi mai tsawon santimita 10 zuwa 15 wanda bai gama ƙosawa ba, cire ganyen ƙasa, soka shi a yashi mai danshi, kifa masa farar leda a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, sai ka mayar da shi ƙaramar tukunya.