Yadda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa Za Ta Nemi Tallafin Gwamnati Lokacin Annoba

A 2020, lokacin korona, Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 75 domin farfaɗo da ƙananan sana'o'i. Masu sana'ar hannu da direbobi sun samu naira 30,000, wasu ma'aikata kuma an biya su naira 30,000 ko 50,000 a wata har wata uku. Babban Bankin Najeriya ya fitar da naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL, amma wannan bashi ne, ba kyauta ba. Shugabannin ƙungiya su fayyace wa mambobi wannan bambanci tun da wuri.

Kafin a buɗe rajistar irin wannan tallafi, ƙungiya ta haɗa kundin mambobi: suna, sana'a, lambar rumfa, lambar waya, asusun banki da BVN. A nan ake iya yin asara. Idan BVN ta ce Muhammadu, takarda ta ce Mamman, na'ura na iya watsar da buƙatar. A je banki a daidaita. A shirin 2020, mai neman tallafin albashi ya buƙaci rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da shaidar biyan ma'aikata, don haka biya hannu da hannu babu rubutu na iya cutar da mai nema.

Wajen kai koke ga Ma'aikatar Ciniki ta Jihar Katsina ko SMEDAN (hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i), kada a tsaya kan "muna cikin wahala". A rubuta rumfuna nawa aka rufe a Babbar Kasuwar Katsina, mako nawa, sannan a nemi abu takamaimai, kamar ɗage kuɗin rumfa na wata uku. A karɓo kwafi mai hatimi.

Duk wanda ya nemi kuɗi don "sa suna", a kai rahotonsa.