"Yana ɗan ji": Kurakuran da aka fi yi wajen bayyana matakin rashin ji

Duk wanda ya saba zama a ɗakin gwajin kunne ko ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar kurame a Jos ya san wannan amsa. A tambayi uba yaya jin yaron yake, sai ya ce, "Yana ɗan ji." A tambayi babban mutum da kansa, ya ce kunnensa ya yi nauyi. Daga nan babu ƙari. Da wane kunne? Me yake ji, me ke wuce shi? Tun yaushe? Shiru. Bisa wannan guntuwar amsa kuma za a zaɓa wa yaro aji, a sayi na'urar ƙara ji, wani lokaci har a yanke maganar aure.

Kuskure mafi muni shi ne ɗaukar jin ƙara a matsayin jin magana. Ba abu ɗaya ba ne. Gwajin ji yana auna abu biyu: ƙarfin sauti da desibel, wanda ake rubutawa dB, da kuma kauri ko sirantar sauti da Hz, daga 250 zuwa 8000. Wasula da karin murya suna zaune a ɓangaren sauti mai kauri, kuma su ne masu ƙarfi. Baƙaƙe irin su s, sh, f da ts suna can sama, sirara ne, ba su da ƙarfi. Mafi yawan lalacewar da ke faruwa a can cikin kunne daga sama take farawa. To mutumin da ya rasa wannan ɓangare, idan aka ce fara, sara, shara ko tsara, kusan abu ɗaya yake ji: "a" biyu da karin murya. Zai ji kiran salla, zai ji hon ɗin Keke a Terminus, zai waiwayo idan an buga ƙofa, amma a ce masa "sha tara" ya kawo sha takwas.

Nan ne ake zaluntar mutane. Sai ka ji an ce yaron yana ji sarai, kunnen ƙashi ne da shi, ko an ce tsohuwar abin da ta ga dama kawai take ji. Yaro ya sha bulala a makarantar allo da ta boko kan laifin da bai san ya yi ba. A ɗaki shiru, fuska da fuska, yana haɗa ɗan abin da ya ji da motsin baki ya cika sauran da hasashe. A aji mai yara sittin, malami ya juya baya yana rubutu a allo, babu abin da ya rage masa. Ba ya canza hali tsakanin gida da makaranta. Wurin ne ya canza. Kuma don Allah a daina gwajin tafi. Uwa ta tafa hannu a bayan jariri, ya zabura, a ce alhamdulillahi yana ji. Tafi ƙara ce mai ƙarfi, tana kuma tafe da iska da inuwa, yaron da ke da babbar matsala ma zai iya juyowa. Da wannan tafin ake cinye shekara uku, huɗu, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, ko na baki ko na hannu. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Akwai gwaje-gwajen da ake yi wa jariri yana barci, ba sai ya amsa komai ba. Wanda ya tashi daga sanƙarau kuwa a kai shi gwaji cikin makonni, kada a jira, domin ciwon kan sa dodon kunne na ciki ya ƙanƙare ya koma ƙashi, dashen na'urar ji a can cikin kunne ya yi wuya daga baya. Haka wanda ya warke daga zazzaɓin Lassa, cutar da Filato ta sani tun wajajen 1970. Rashin ji na cikin abin da ta fi bari a baya.

Gyaran shi ne a daina cewa yana ji ko ba ya ji, a faɗi abin da aka gani. Yana amsa sunansa daga wani ɗaki? Yana gane magana a waya, kuma da wane kunne? Muryar maza ya fi kamawa ko ta mata? Idan janareta na aiki fa?

Kuskure na biyu shi ne mayar da desibel kashi cikin ɗari. An ga 70 a takardar gwajin ji, sai a shiga gari ana cewa ya rasa kashi 70 na jinsa, saura 30. Wannan lissafi ba shi da tushe. Ma'aunin ba a 100 ya tsaya ba, yana kaiwa 120, kuma ba a jere yake hawa kamar mudu ba: kowane ƙarin 10 dB ninki goma ne na ƙarfin sauti. Raɗa tana wajen 30 dB, hira ta yau da kullum wajen 60. Wanda jinsa ya fara daga 70 ke nan hirar mutane gaba ɗaya tana ƙarƙashin abin da kunnensa ke kamawa, ba wai yana jin kashi 30 nata ba. Inda kashi cikin ɗari ke da ma'ana shi ne gwajin maimaita kalmomi, a karanto ashirin ko ashirin da biyar a ga nawa ya kama. Shi ma ya kamata a yi shi da harshen da mutum ya iya. A gwada Bahaushiyar unguwar Gangare ta Jos da jerin kalmomin Turanci, Turancinta aka auna.

Matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a rahotonta na 2021 ga su: ƙasa da 20 dB lafiya lau, 20 zuwa 34 kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 matsakaici mai tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, 80 zuwa 94 mai zurfi, 95 zuwa sama rashin ji baki ɗaya. Ana samun lambar ne ta haɗa sakamakon 500, 1000, 2000 da 4000 Hz a raba huɗu, a kunnen da ya fi lafiya. Asibitoci da yawa har yanzu tsohon ma'auni suke bi, inda "kaɗan" ke farawa daga 26, "mai zurfi" daga 91. Shi ya sa mutum ɗaya kan fito da suna biyu daga wuri biyu, ya ɗauka wani likitan ya yi kuskure. A faɗi lambar tare da sunan matakin, rigima ta ƙare. Lambar ma ba ta faɗin komai da komai. Mai 30, 40, 60, 70 da mai 50, 50, 50, 50 duk 50 za su samu, amma na farkon zai fi yawan cewa yana jin murya, kalmomin ne ba sa fita.

A takardar, jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin X na hagu. A duba kuma ko an rubuta matsalar ta hanyar shigar sauti ce, kamar dattin kunne, ruwa ko hujewar fatar kunne, wadda sau da yawa magani ko tiyata ke gyarawa, ko ta can ciki ce, wadda galibi ba ta gyaruwa. Takardar da ta shekara biyar ba ta bayyana kunnen yau. Na'urar ƙara ji da aka saya a kanti ba tare da an saita ta da takardar mutum ba tana ɗaga hayaniya da magana tare, ƙarshenta cikin durowa. Ya kamata mai kunne ɗaya lafiyayye ya daina cewa ba shi da matsala: ba ya gane inda ƙara ta fito, abin da ke da haɗari wajen tsallaka titin Bauchi.

Sai maganar suna, inda masu ilimi suka fi kowa tuntuɓe. A Hausar gida, kurma shi ne wanda ba ya ji, galibi yana magana. Bebe shi ne wanda bai tashi da maganar baki ba. Kiran kowane kurma bebe kuskure ne, domin wanda sanƙarau ko ƙyanda ta kama yana da shekara goma da Hausarsa a baki. Cewa bebe ba shi da harshe ya fi wannan muni. Maganar hannu ta Hausawa tsohuwa ce, da nahawunta, Kano ma har da sarautar Sarkin Bebaye. Ta makaranta kuwa, wadda ake koyarwa a makarantar kurame ta Bassa da sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos, asalinta ta Amurka ce, ta shigo ta hannun Andrew Foster, kurma Baƙar fatar Amurka da ya fara aiki a Ibadan a 1960. Ba ɗaya suke ba, don haka rubuta "yana maganar hannu" a fom bai isa ba. Wacce? An sha kawo tafinta ɗan makaranta ga dattijon da bai taɓa shiga aji ba, a tashi ba a fahimci juna ba.

Lamba ba ta raɗa wa mutum suna. Akwai mai 60 dB da ya tashi a makarantar kurame, abokansa da matarsa kurame ne, yana cewa "ni kurma ne" da alfahari. Akwai mai 95 da ya rasa ji yana da shekara hamsin, bai san alama ko ɗaya ba, ya fi so a ce jinsa ne ya tafi. Dukansu sun yi daidai. Jami'in da ke gyara wa mutum baki, "a'a, ka ce mai lalurar ji," ladabi yake nufi, amma kurame da yawa ba sa ɗaukar kansu marasa lafiya. Wannan lafazi ya dace da takardun hukuma, irin waɗanda suka shafi dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. A zaure kuwa, a tambayi mutum sunan da yake so.

Ƙananan kurakurai: ihu yana murɗe siffar baki, a matso kusa a yi magana a natse. Karatun leɓe ba tsafi ba ne. Bata, ɓata da mata iri ɗaya suke a leɓe, kara, ƙara da gara kuma ba a ganin bambancinsu sam. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, kunya ce sau da yawa. Iya magana da kyau ba ya nufin ji ya dawo.

Ni dai ɗabi'ata layi huɗu ne a ƙaramar takarda, a ɗauki hotonta a waya: lambar kowane kunne da watan da aka yi gwajin, shekarun da ji ya tafi da dalili idan an sani, yadda mutum ya fi so a yi masa magana, baki, rubutu ko hannu, kuma wace maganar hannu, sai sunan da ya zaɓa wa kansa. Wasu abokan aiki suna ganin layi na huɗu bai shafi asibiti ba. Ni da shi nake farawa, kuma mai kunnen nake miƙa wa biro, ba ɗan rakiyarsa ba.