Yadda za ka bi tarihin Montgomery da ƙafa a yini ɗaya

In tafiya ta kai ka jihar Alabama a kudancin Amurka, kada ka yarda a zagaya da kai Montgomery a mota. Tsakiyar garin ba ta da girma, kuma akasarin abin da za ka gani a kan titi biyu yake. Ka dai yi sammako, ka riƙe ruwa, don zafinsu na tsakiyar shekara mai gumi ne.

Fara daga bakin kogin Alabama, ka bi titin Commerce. A zamanin bauta, ta nan ake koro bayi daga jiragen ruwa zuwa wurin gwanjo. Titin zai sauke ka a dandalin Court Square, inda famfon ado ke feshin ruwa. Nan ake sayar da mutane. Kada ka yi gaggawar wucewa. Dubi ginin Winter da ke gefe: daga cikinsa aka buga wayar tangaraho a Afrilun 1861, wadda ta ba sojojin jihohin kudu da suka ɓalle daga Amurka izinin kai hari kan Sumter, sansanin sojojin tarayya, yaƙin basasa ya ɓarke. A wannan dandalin kuma, ran 1 ga Disamba 1955, wata baƙar fata mai suna Rosa Parks ta tashi daga aikin ɗinki ta shiga bas. Da direba ya ce ta ba farar fata kujera, ta ƙi. Baƙar fata suka ƙaurace wa bas kwana 381, wasu a ƙafa, wasu ana rage musu hanya a motocin 'yan uwa. Ni abin da ke damuna, ba a cika ambaton Claudette Colvin ba, yarinya 'yar shekara 15 da ta riga ta yin haka tun watan Maris.

Daga nan ka haura titin Dexter. Ƙaramin cocin jan bulo da za ka tarar, nan Martin Luther King ya yi limanci daga 1954 zuwa 1960. Gaba kaɗan sai ginin majalisar jiha a kan tudu. Nemi tauraron tagulla a ƙasa wajen ƙofa. A nan aka rantsar da Jefferson Davis shugaban jihohin da suka ɓalle a 1861. A gaban ginin nan kuma, ran 25 ga Maris 1965, masu tattakin nema wa baƙar fata 'yancin zaɓe daga garin Selma suka ƙarasa, bayan tafiyar kilomita 87.

Bar la'asar don wurin tunawa da baƙar fatar da aka kashe ba shari'a, wanda aka buɗe a 2018. Ginshiƙan ƙarfe ne sama da 800, kowanne na gunduma guda, da sunayen mamatan a jiki. Kana tafiya ƙasa na gangarawa, har su koma rataye a saman kanka. Ka ware masa awa biyu aƙalla, ka kuma duba ranakun buɗewa kafin ka fito.