Babi na 6: Kula da Ƙafar Mai Ciwon Suga da Mai Kumburin Jijiya

Darasi na 1: Duba ƙafa

Iyayena maza da mata, sannunku da ƙoƙari. Mu karanta a hankali, wanda bai gane ba ya tsayar da mu.

Ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jin ƙafa, yana kuma rage jinin da ke sauka can. Sai ƙaya ta soki mutum ya yini yana taka ta bai sani ba. Tunda ƙafa ta daina kawo ƙara, ido ne zai yi aikin.

Kullum da safe ka zauna inda haske yake. Ɗora ƙafar dama kan gwiwar hagu. Dubi samanta, dubi dunduniya, dubi tafi. Idan ba ka iya lanƙwasawa, ajiye madubi a ƙasa, ko ka kira jikanka ya duba maka. Sannan ka buɗe yatsu da hannu, biyu-biyu, ka leƙa tsakaninsu. Kowace ƙafa tana da tsakani 4, ƙafa biyu 8 ke nan. Ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na huɗun, wajen ƙaramin yatsa, shi aka fi tsallakewa. Abin da kake nema: tsaga, bororo, ja, kumburi, ko fata ta yi fari ta jiƙe. Koma ƙafar hagu, ka sake ƙirga huɗu.

Inna, lalle yana ɓoye canjin launi, idan kin ƙunsa sai ki ƙara lura.

Darasi na 2: Wanki da shafa mai

Taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, domin ƙafarka ba za ta gaya maka ya yi zafi ba. Ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu sun isa, ban da jiƙa ƙafa a bokiti. Goge da tsumma mai tsabta, ka bi tsakanin yatsu 8 ɗin nan har su bushe. Bayan alwala ma haka, sau biyar a rana. Danshin da ya kwana a wurin shi ke cinye fata, ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Da hunturu dunduniya tana faso. Shafa man kaɗanya ko basilin a tafi da dunduniya, amma kada mai ya shiga tsakanin yatsu. Can bushewa ake so. Kada kuma a kara ƙafa da kaskon wuta don jin ɗumi.

An faɗa, an maimaita, amma har gobe sai a tarar da dattijo ya wanke saman ƙafa fes, tsakanin yatsu kuwa ya yi fari yana wari. Haba Baba! Minti biyu ne fa. A koma a ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Darasi na 3: Takalmi, farce da rauni

A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, yana wuce digiri 40, ƙasa tana ƙona tafin da ba ya ji. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Ranar Juma'a a sa safa. Zazzage takalmi ka zura hannu ciki kafin ka sa. Yanke farce a miƙe, kada a bi gefe, kuma a bar kankare kanta da reza.

Idan ka ga rauni, wanke da ruwa mai tsabta, rufe da bandeji, daina taka ƙafar, ka je asibiti cikin awa 24. Ban da toka, ban da garin ganye. Likita zai cire mataccen nama, ya ɗaure, ya ba da maganin ƙwayar cuta idan akwai mugunya. Wari, zazzaɓi, ko yatsa ya yi baƙi, wannan ba ya jiran safiya. Gyambo yana wuyar warkewa idan suga na sama. Ga yawancin manya masu ciwon suga ana son awon suga na safe kafin karyawa ya tsaya tsakanin giram 0,80 da 1,30 a litar jini.

Darasi na 4: Kumburin jijiya

Jijiyoyin sha-raɓa suna kumbura su murɗe idan jini ya kasa komawa sama, musamman ga masu yini a tsaye da mata masu ciki. Kwanta ka ɗora ƙafa kan matashi ta fi ƙirji tsawo, minti 15, sau 3 a rana. Safar matsi ta asibiti da safe ake sa ta kafin a sauko daga gado, amma mai suga sai likita ya auna jinin ƙafarsa tukuna. Kada wanzami ya tsaga. Idan jijiya ta fashe, kwanta, ɗaga ƙafa, danne da tsumma minti 10, sannan asibiti.

Darasi na 5: Aikin asibiti

Ana toshe jijiyar da allura, ko a cire ta da tiyata. A tambayi likita a babban asibiti.