Darasi na Bakwai: Jinyar Wanda Ciwonsa Ya Yi Nisa

Wata rana likita zai iya cewa ciwo ya ci jiki, ba a sa ran warkewa. Ƙila kansa ce, ƙila ciwon zuciya ko na ƙoda. Nan sai dangi su sare, a ce ai babu sauran abin yi. Akwai abin yi, kuma koyonsa ake yi.

Sunan wannan aiki kulawar rage raɗaɗi. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, amma kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Sauran suna hannun 'yan'uwansu, wato ni da kai.

A fara da zafin ciwo. Kada ka yi wa mara lafiya kintace, tambaye shi: "Daga sifiri zuwa goma, nawa zafin ya kai?" Ka rubuta lambar da ƙarfe nawa ne a ɗan littafi. Ga inda karatunka zai yi rana, domin likita ya fi gane "takwas, ƙarfe 2 na dare" a kan "jiya dai ya sha wuya".

Maganin zafi da agogo ake ba shi, yadda likita ya rubuta. In aka jira sai mutum ya fara nishi, an makara. Wasu na tsoron mofin, wani maganin zafi mai ƙarfi, wai zai kama jiki. In dai bisa umarnin likita ne, tsoron bai kai a bar mutum yana murƙususu ba. Sai dai mofin yana sa taurin bayan gida, don haka a nemi maganin wannan tun ranar farko. Kada a ƙara, kada a rage da ka.

Wanda ba ya iya motsi, a juya shi duk bayan kamar awa 2. Ɗaga rigarsa ka duba dunduniya, kwankwaso da kafaɗu. In fatar wurin ta sauya launi ko ta yi ɗumi, gyambon kwanciya ne ke tafe. A sa matashi, a miƙe zanin gado, a bar shi a bushe.

Abinci kuwa ba dole. Jiki ne ya rage buƙata. In leɓe ya bushe, jiƙa tsumma mai tsabta ka goga masa. In kuma ya soma maganar mutuwa, kada ka yi saurin cewa "haba, daina faɗin haka". Jawo kujera ka zauna, ka bar shi ya gama.

Aiki: Ja layi uku a littafinka. Rubuta lokaci a na farko, lambar zafi a na biyu, maganin da aka ba da a na uku. Cike shi na kwana ɗaya, ka zo da shi aji.