Yadda ake gwada ƙwaƙwalwar dattijon da jinsa ya ragu

A ƙananan asibitocin ƙauyukan Kano da Jigawa ana yawan kawo dattijo, 'ya'yansa su ce gigin tsufa ya kama shi, wai a tambaye shi gabas ya amsa yamma. Wani lokaci ciwon mantuwa ne da gaske, wani lokaci kuma kunne ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura rayuwa. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da aka fi sani kuwa, MMSE na 1975 da MoCA na 2005, kowannensu maki 30 ne, kuma yawancin tambayoyinsu da baki ake yi. Wanda bai ji kalma ba, ta yaya zai tuna ta bayan minti biyar?

Saboda haka ka fara da kunne. Haska ciki ka duba, domin dattin kunne kaɗai yana iya toshe ji, kuma cire shi abu ne mai sauƙi a asibiti. Ka hana 'yan gida sa tsinke ko gashin kaza. Daga nan ka tsaya bayansa, nisan hannu guda, a toshe kunne ɗaya, ka raɗa kalmomi sanannu ya maimaita, sannan a juya ɗaya kunnen. Kada ka dogara da cewa ya amsa gaisuwa daidai. Kowane Bahaushe ya san bayan "ina kwana" sai "ina gajiya", zai amsa ko bai ji ba.

Sai wurin zama. A kashe janareta da rediyo, a rage jama'a. Zauna kusa, haske a fuskarka don ya ga leɓɓanka. Yi magana a hankali, ban da ihu: raunin ji na tsufa ya fi cinye siraran sautuka irin su "s", "f" da "ts", ihu kuwa wasula yake ƙara wa ƙarfi, kalmar ta ƙara dagulewa. In yana da na'urar ƙara ji, a tabbatar batirinta na aiki. In babu, sa masa abin sauraron ƙirji a kunnuwansa, ka yi magana a hankali ta ɗaya bakin.

Ka tambayi harshen da ya tashi da shi. Bafulatanin ruga a Ringim ko Bamange a wajen Birniwa yana iya ciniki da Hausa, amma kunne mai rauni ya fi kama harshen uwa. Nemi tafinta, ka gargaɗe shi kada ya taya amsa. Wanda aka haifa kurma kuma maganar hannu ce harshensa, sai da wanda ya iya ta.

Wurin da aka fi zaluntar dattawanmu shi ne tambayoyin kansu. MoCA a birnin Montreal na Kanada aka tsara shi. Ana ce wa mutum ya zana agogo, ya haɗa lambobi da haruffan boko, ya faɗi kwanan wata. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi, alhali ta san kuɗin adashin kowa a unguwa. Ka tambaye ta abin da rayuwarta ke tafiya a kai. "Inna, yau wace rana ce? Azumi ya wuce ko yana gaba? Damina muke ko kaka? An yi Azahar?" Dattijon Maigatari da ya san gobe Alhamis ranar kasuwa ce, ko na Wudil da ya san saura kwana biyu Juma'a, bai ɓata a lokaci ba. Lissafi kuma a yi shi da kuɗi: "Baba, ka ba da naira 1,000, ka sayi goron 300, nawa za a dawo maka?"

Ka kula da alkunya. Mace ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, ba mantuwa ba ce, tarbiyya ce. Tambaye ta sunan autanta ko na mai unguwa. Haka kuma dattijo yana iya cewa "to" don kada ya kunyata a gaban surukarsa, don haka ka sa ya maimaita umarnin kafin ya fara.

Akwai kayan gwaji da suka fi kusa da mu. An yi amfani da gwajin CSI-D a wani binciken ciwon mantuwa a Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka tun 1992, kuma yana haɗa amsar majiyyaci da bayanin wani ɗan gida. Gwajin IDEA, da aka tsara a Tanzaniya aka kuma gwada a Najeriya, ba ya buƙatar karatu: mutum ya lissafa dabbobi cikin minti ɗaya, ya jera tsinken ashana yadda aka nuna masa. Akwai kuma MoCA na masu raunin ji da ake nuna umarninsa a rubuce, sai dai na masu karatu ne. Ga wanda ya yi makarantar allo, rubuta masa tambaya da ajami yana taimakawa.

Duk abin da ka sauya, ka rubuta shi a kati: harshen da aka yi amfani da shi, matakin jinsa, tambayoyin da aka musanya. Da zarar an taɓa tambayoyin, makin 26 da MoCA ya ɗauka a matsayin iyaka ba ya zama hujja. Sannan ka keɓe da wanda ke zaune da shi. Yana ɓata a hanyar masallaci? Yana rikita raka'o'i? Tana barin tukunya a wuta? Yaushe abin ya fara?

In ruɗewar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, a kai shi babban asibiti a ranar. In a hankali take tafiya, a tura shi sashen kunne, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse, a sake gwajin bayan an gyara jin. Kada a yi sakaci da kunnen ko da ƙwaƙwalwa ta fito lafiya, domin rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2024 ya sa raunin ji cikin abubuwa 14 da magance su ke rage haɗarin ciwon mantuwa.