Darasi na Tara: Takardar da Za Ta Raka Yaro Sabon Wuri

A wannan darasi za mu koyi rubuta takarda guda ɗaya wadda za ta bi yaro mai buƙata ta musamman duk inda aka kai shi, ko makaranta zai fara shiga a watan Satumba, ko kuwa gidan kakarsa za a mayar da shi saboda yaye ko haihuwa ko rabuwar aure. Uwa ta san ma'anar kowane motsi na ɗanta, amma malamin da ke fama da yara cike da aji bai sani ba, kuma yaron da ba ya ji, ko maganarsa ba ta fita sosai, ba zai iya yi masa bayani da kansa ba.

Ku ciro falle ɗaya daga tsakiyar littafin rubutu. Ku rubuta lamba 1 zuwa 5 a gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, domin boko daga hagu yake farawa, ba daga dama kamar rubutun allo ba. Ku bar fili mai yawa a ƙarƙashin lamba 4.

A lamba 1 ku rubuta sunan yaro na yanka, sannan sunan da yake amsawa a gida, domin Abubakar ɗin da ake kira Garba ba zai waiwayo ba idan an kira sunan rajista. A lamba 2 ku rubuta yadda yake nuna buƙatarsa, misali: "Idan yana jin fitsari yakan ja rigar babba." A lamba 3 ku kwafi sunan maganinsa daga jikin kwalin, harafi bayan harafi, tare da lokacin sha. A lamba 5 ku sa lambar waya, ku ƙirga ta da yatsa, ku tabbata lambobi 11 ne cif.

Yanzu mu komo lamba 4, wadda na tsallake da gangan. A nan ake rubuta abin da za a yi idan yaro ya rikice, kuma a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Wata uwa a ajinmu ta kawo mini takardarta tsaf, rubutu mai kyau, amma a lamba 4 kalma uku kawai ta sa: "Yana da farfaɗiya." Na ce mata, "Inna, idan ya faɗi a tsakiyar aji, me malam zai yi da hannunsa?" Nan take ta jero mini komai da baki, ba ta manta ko ɗaya ba. To, abin da ta faɗa da baki shi ake so a takarda. Ga yadda muka gyara tare:

"A kwantar da shi ta gefe. A janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ba shi ruwa sai ya farfaɗo sarai. Idan farfaɗiyar ta wuce minti 5, a kai shi asibiti, a kira ni. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu."

Ku sake duba layukan nan. Kusan kowanne ya fara da "A" ko da "Kada", wato umarni ne. Idan ɗanki hayaniya ce take tayar masa da hankali, ki rubuta: "A fitar da shi inuwa, kada a yi masa tsawa." Idan mai sikila ne, ki rubuta: "A bar shi ya sha ruwa ko ana cikin darasi, a rufa masa jiki da hunturu." Kada ku damu idan rubutun ya karkace, ana iya karanta shi a haka.

Amma sai na faɗi gaskiya. Mako uku ke nan ina maimaita wannan, har yanzu ana kawo mini lamba 4 babu komai, ko kuma a rubuta "sai haƙuri". Malam ba zai san abin yi da "sai haƙuri" ba. Wasu kuma kunya ce take sa su ɓoye lalurar, ranar da ta tashi a gaban mutane kuwa yaron ne zai sha wuyar. Ku cika lamba 4. Ku karanta ta da ƙarfi, ku ji ko ta gaya wa baƙo abin da zai yi.

Kai yaro ya ga wurin

Kafin ranar farko, ku hau kabu-kabu ku je tare da shi sau biyu ko uku, ya ga aji da makewayi da fuskar malaminsa. Ku miƙa takardar hannu da hannu, ku ajiye kwafi a gida.

Zaɓen makaranta

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba ɗanku haƙƙin karatu kamar kowane yaro. A nan cikin Sakkwato akwai makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, ku je ku tambaya.

Aikin gida

Ku rubuta takardar ɗanku ku zo da ita ranar Asabar. Lamba 4 zan fara dubawa.